Ƙyallen Asibiti a Bakin Yaya

Ƙasa tana rawa. Abin da na fara lura da shi ke nan da Kawu ya sauke ni daga bayan babur a kan iyakar Jibiya. Ta tafin ƙafa na ji, ta cikin takalmin makaranta, yana hawowa har gwiwa. Manyan motoci ne jere tun daga sandar ƙarfen da 'yan kwastan ke tare hanya da ita har inda ido ya gaza, kuma babu wadda aka kashe. A waɗancan shekarun mai yana da arha. Direba ya gwammace ya bar inji yana ci tun hantsi har azahar, da a ce layi ya motsa yana faman tayar da mota wani ya shige gabansa. Siminti, gangunan fetur, buhunan sukari, kwanon rufi, duk sun nufi Nijar. Bazara ce, hayaƙi ya tsaya a saman kawunan mutane ya ƙi tafiya.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Shi ya je makarantarmu ta kwana a Katsina da safe ya roƙa aka ba shi ni. A hanya ya yi ta magana, amma yana gaba ina baya, ban tsinci komai ba. Sai da muka tsaya ya juyo ya fuskance ni, sannan na san abin da ya kawo mu. Mahaifiyata ta daɗe a asibiti tana tari, har da jini. Ba a gaya mini ba, don ɗakin da aka kwantar da ita ba a barin yara su shiga. Yanzu likita ya ce a kai ta gida. Gidan kuwa yana can gaba da Ɗan Isa, cikin Nijar, inda ta yi aure bayan rasuwar mahaifina. Motarsu ta taso da wuri, layi ya riƙe ta a nan. Ita ce ta ce a nemo ni.

Na ce, "Ita da bakinta, Kawu?"

"Da bakinta. Ni ma sai da na sake tambaya. Maza, ɗiyata, in sandar can ta tashi ba mai tsaya mana."

Ni ce 'yar farinta. A gidanmu, kamar gidaje da yawa a wancan lokaci, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta kallonsa in da mutane. Tun da aka yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni zuwa Daddara, can na tashi. Ina kiran mahaifiyata Yaya, yadda na ji ƙannenta suna kiranta. Ita kuma in ta zo ganin gida, sai ta dubi bango ko tukunya ta ce, "A ce wa ɗiyar tsohuwa ta kawo ruwa," ina tsaye a gabanta. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙi ba. In ta tafi nakan tarar da ƙulli a ƙarƙashin tabarmata, gyaɗa ko dabino, wani lokaci ɗan kunne. Ba ta taɓa cewa ita ta ajiye ba, ban taɓa yin godiya ba.

Akwai kuma abin da ba wanda ya sani. Ina ƙarama sanƙarau ya kama ni. Na tashi, kowa ya yi hamdala, amma kunnena na hagu bai tashi ba, na dama kuma rabi ya dawo. A ɗaki shiru ina jin magana. In da hayaniya, ko mutum ya juya baya, sai ta zama guna-guni. Ba tare da na shirya ba na koyi kallon baki: inda leɓe ya haɗu, inda haƙori ya fito, inda harshe ya taɓa sama. Abin da kunne ya kawo rabi, ido ya cika. Na sha rankwashi a kan haka, don yarinya mai tarbiyya ƙasa take kallo in babba na magana. Ana cewa na cika kallon mutane, ana cewa miskila ce. Na yarda da sunayen nan biyu, don sun fi mini kurma sauƙi, kuma ina tsoron in aka sani za a ce boko ba nawa ba ne. Bakin Yaya kuwa na san shi fiye da na kowa. Tun da ba ta duban inda nake, ina da damar kallonta yadda na ga dama. Tana da wushirya, kuma leɓenta na ƙasa yakan ɗan karkata hagu in za ta faɗi abin dariya.

Muka bi gefen titi muna duba motoci. Mata na sayar da fura da dafaffen rogo, masu canjin kuɗi na zaune a inuwar tayoyi, ga mutanen da fari ya koro daga arewa zaune gungu-gungu da ƙunshin kayansu. Wani Buzu ya tare Kawu yana tambayar wani abu ta bayan rawaninsa. Kawu ya amsa masa nan take. Ni ban taɓa jin maganar Buzu namiji ba, ko da da Hausa yake yi.

Motarsu a-kori-kura ce, shaƙe da buhuna. An shimfiɗa tabarma a kan buhunan, an ɗaura zane a kan karafan sama ya zama rumfa. A ƙarƙashi Yaya ke kwance, an tokara mata baya da ƙunshin tufafi. Ƙafarta na fara gani, ta bushe kamar ice, lallen da ke kanta ya koɗe ya koma saman farce. Na ɗaga ido. Daga ƙasan idanunta har haɓa farin ƙyalle ne na asibiti, mai ninki-ninki, an ɗaure shi da igiyoyi ta bayan kai. Yanzu ana ce masa takunkumi. Mu a lokacin jaki da ɗan maraƙi muka san ana sa wa takunkumi, wannan ƙyalle kawai muke ce masa.

Wata mace mai jiki ta leƙo daga cikin rumfar. Ƙanwar mijin Yaya ce, ita ta yi jinyarta, na kira ta Goggo.

"Wagga ita ce ɗiyar bokon? Ji ta kamar sillen kara! Halan takarda suke dafa maku a makarantar?"

Kawu ya ce, "Ta fi ku. Ku da kuke cin burodi mai tsawon sanda kuna cewa kun waye."

"Burodinmu ya fi garin kwakinku, mai kumbura ciki. Matso, ɗiyata, in gan ki. Kai, har goshin nata ne."

Mijin Yaya ya zagayo daga gaban mota. Dogo ne, furfura ta fara cin gemunsa, idanunsa sun yi ja don rashin barci. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da kyau, ya tambayi Kaka, ya tambayi karatu. Sannan ya nuna mini ƙofar bayan motar.

"Nan za ki tsaya, kada ki hau. Likita ya ce kada ta cire ƙyallen ga kusa da yaro, ko na ɗan lokaci. Har hannuna ya kama yana hwaɗa mani. Ƙannenki ma can gida haka za mu yi da su. Kin ji ko?"

Na ce, "Na ji, Baba."

Ba mugunta ba ce. Mutum ne da aka ba umarni guda ɗaya da zai iya cikawa, bayan an gaya masa sauran ba a hannunsa suke ba.

Yaya ta ɗaga hannu ta yi wa Goggo alama. Goggo ta ce, "To, an kore ni," ta sauko da nishi, ta ɗauki buta ta nufi wajen masu ruwa. Kawu da Baba suka dubi juna, suka ja can ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, suka juya mana baya. Kara suka yi mana. Uwa za ta yi wa 'yar fari magana, bai kamata ido ya gani ba.

Sai ta dube ni.

Ban taɓa ganin idanunta daga gaba ba. Ashe ba baƙaƙe ba ne sosai, akwai ruwan ƙasa a cikinsu, kuma na dama yana da ɗan tabo a farin. Na ji kamar in gudu. Na riƙe ƙarfen ƙofar, zafinsa na cin tafin hannuna.

Ta fara magana. Na san ta fara ne don ƙyallen ya motsa. In ta ja numfashi sai ya lotsa ciki ya manne, in ta fitar sai ya kumbura. Tsakiyarsa ta jiƙe, akwai wani ɗan wuri da ya yi launin tsatsa, wanki bai fitar da shi ba. Na karkata kunnen dama. Sauti na zuwa, amma kamar na mai magana da kai cikin tulu. Duk abin da ke da kaifi a magana, abin da ke raba wannan kalma da waccan, ƙyallen ya riƙe shi. Abin da ya rage hawa da sauka ne kawai, shi ma injin motar gaba da na motar baya sun danne shi. Muryarta kuma ba ta da sauran ƙarfi. Takan faɗi kaɗan, ta tsaya neman iska, ta ci gaba.

Na kafa ido a kan ƙyallen ina neman siffar leɓe. Wani lokaci haɓarta kan sauka, in san baki ya buɗe. Iyakar abin ke nan. Na koma kan gira da goshi. Su suna gaya mini cewa maganar mai nauyi ce, cewa nan roƙo ne, nan kuma gargaɗi, amma ba su faɗi roƙon me ba. Sau ɗaya na tsinci "Kaka." Sau ɗaya na ji kamar ta ambaci Allah. Ta nuna kudu da yatsa, wajen da muka fito, sannan ta ɗora hannun a ƙirjinta.

Duk inda ta tsaya sai in ce, "To."

Haka na saba. Da wannan kalma na ratsa aji da rijiya da gidan biki, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba, don abin da ake gaya wa yarinya yawanci aike ne, in ka kalli hannun mai magana za ka gane. Bakina ya riƙa faɗinta shi kaɗai. Ina so in ce, "Yaya, ban ji ba," amma ban taɓa gina jimla na miƙa mata ba tun da aka haife ni, kuma ina ganin abin da kowace kalma ke ci a jikinta. Jijiyar wuyanta na tashi, gumi na bin igiyar ƙyallen. Ta yaya zan ce ta sake?

Can sai muryar ta hau ta tsaya, ta zuba mini ido tana jira. Tambaya ce. Na ce, "To." Girarta ta haɗu. Ta sake faɗin abin, gajere, ya sake hawa a ƙarshe. Na ce, "I, Yaya."

Ta lumshe ido. Hawaye ya gangaro ya shige cikin ƙyallen. Kafaɗunta suka sauka kamar wadda aka sauke wa tulu daga ka. Sai tari ya taso mata, ta juya fuskarta ga buhuna don kada ya zo wajena, jikinta duka yana girgiza. Na amsa mata wani abu da ya kwantar mata da hankali, kuma ban san mene ne ba.

Shekaru da yawa bayan haka, da aka yi annobar da ta sa kowa rufe baki da hanci, na daina zuwa kasuwa. 'Ya'yana sun zaci tsoron cutar nake. Gari ne ya koma mini kamar bayan motar nan: mai kanti, mai nama, malamar asibiti, kowa ido ne da guna-guni. Masu kunne ma na ga suna cewa "me ka ce?" suna janye ƙyalle da yatsa su yi magana su mayar. Sai na ga ashe kowa yana ɗan ji da ido, bai dai sani ba.

Goggo ta dawo da gudu da ta ji tarin. Ta hau, ta tallafe ta, ta sa kai cikin rumfar ta ɗaga gefen ƙyallen ta ba ta ruwa, bayanta ya tare ni. Da ta gyara mata kwanciya ta juyo.

"An gama? Madalla. Ki riƙe abin da ta hwaɗa maki da hannu biyu. Tun muna asibiti take tanadin maganar ga. Na yi lallashi, na yi fushi, na ce ki ba ni saƙon in kai, ta ce a'a, da bakinta za ta ba ki. Ni da na kwashe mata kashi da fitsari, ba ta yarda da ni ba."

Kawu ya matso yana share ido da hular hannunsa. Ya ce, "Ba sai kin gaya wa kowa ba. Tsakaninku ne."

Na ce, "To."

Can gaba sandar ta tashi, mota ɗaya ta wuce, ta sake sauka. Layi ya motsa. Direbansu ya tofar da goro ya shiga, motar ta gangara kaɗan ta tsaya. Na bi ta a ƙasa, hannuna na kan ƙarfen. Motoci kaɗan suka rage a gabansu. Ina hango ɗan kwastan yana zagaya wata yana bubbuga ganguna da sanda, ina hango hanyar da ke bayan shingen, jar ƙasa ce ta miƙe cikin ƙaya. Kawu ya yi wa shugabar makaranta alkawarin mayar da ni kafin magariba. Babu wanda ya ce mini mutuwa za ta yi, amma na ga kayan da aka ɗauro daga asibiti: tabarma, kwano, buta, fitila. Babu kwalbar magani ko ɗaya. Ba ta ga ruwan farko na shekarar ba.

Na tsaya ina lissafin abin da zan iya. In na hau na manna kunne a ƙyallen zan ji, amma Baba ba zai bari ba, ita ma ba za ta bari ba, na ga yadda ta kawar da kai. In na ce Goggo ta saurara ta faɗa mini, na karya abin da ta yi wata da watanni tana karewa. Rubutu ba ta iya ba. In na yi shiru, za ta tafi da natsuwa, tana ganin na ɗauki nauyin da ta ba ni. Wannan ya fi ja na, don ba ya buƙatar in buɗe baki. Amma wata rana abin da na ce "i" a kansa zai zo, a Daddara ko a wajen ƙannena, in wuce shi ban gane shi ba.

Motar ta sake gangarawa.

A gefen titi akwai kwalbati, da ɗan tudun siminti a kansa. Na auna da ido. Nisansa da bayan motar bai kai nisan allo da benci na ƙarshe a ajinmu ba, kuma daga benci na ƙarshe ina karanta bakin malama in haske ya faɗa mata. Rana ta karkata, tana shiga cikin rumfar daga baya. Iska kuma ta taso yanzu, daga wajen kwalbatin take busowa, hayaƙin motoci duk arewa yake kwanciya. Abin da ya fito daga ƙirjinta ba wajena zai zo ba.

Baba yana tsaye kusa da tagar direba. Na je na durƙusa a kan tsakuwa. Na ɗaga kai na dube shi a fuska, abin da ban taɓa yi wa namiji babba da gangan ba. Na yi magana. Ya sunkuyo ya sa hannu a bayan kunne.

"Ɗaga murya, ɗiyata. Injunan ga ba su bari a ji komi."

Kawu ya juyo. Goggo ta leƙo. Direba ma ya sako kai ta taga, da wata mai fura da ta tsaya da ƙwarya a ka. Ban san iyakar ƙarfin muryata ba, don ban taɓa gwada ta ba. Na buɗe baki na sake ta, har na ga mai furar ta ja baya.

"Baba, ban ji abin da ta ce ba. Ko kalma. Kunnena ba ya ji tun ciwon sanƙarau, baki nake kallo. Ba zan matso ba, wallahi ba zan matso ba. Can kan kwalbati zan tsaya, iska na bayana. Ba sai ta ɗaga murya ba, ba sai ta yi sauti ba ma, kowa ya juya baya. Don Allah, Baba, ka bari ta sauke ƙyallen ta sake faɗa mini."